Sharar Ƙarshen Shekara a Gidan Hozumi

Duk wanda ya tashi a unguwarmu ta bayan tashar jiragen ruwa, a kan tabarmar Hozumi Shigenobu ya koyi rarrafe. Tatami yake ɗinkawa, tabarmar nan mai kauri da muke daɓe ɗakunanmu da ita, a shagon da ubansa da kakansa suka yi wannan aikin. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, gwiwar hannunsa ta dama duk ta yi kanta saboda da ita yake danne zare. Aiki kam ya iya, ba wanda zai ce maka a'a. Amma taurin kai! Idan mutumin nan ya ce eh, ko gidan zai rushe a kansa ba zai koma ya ce a'a ba. Ni kaina na yi shekara biyu ba na gaishe shi a kan wata gardama ta bakin kwata, kuma har ya mutu bai yarda shi ne da laifi ba.

Ɗansa guda ne, Motoharu. Yaro mai sanyin hali, ya biyo uwarsa Kinuyo. Ya zauna gaban uban yana koyon ɗinki har ya kai shekara ashirin da tara, sai wata rana ana cin abinci ya ajiye cokalinsa ya ce mutane sun koma shimfiɗa katako a ɗaki, shagon ba zai ciyar da iyali biyu ba, shi dai yana so ya tafi ya koyi gashin burodi. Shigenobu ya ture kwanonsa gefe. Ya tashi ya shiga shago, ya ɗauko babbar allurar da ya ba yaron ranar da ya gama sakandare, ya fita ya wurga ta cikin kwata. Da ya dawo sai ya ce, “Gidan nan ba shi da ɗa.” Da safe Motoharu ya bi jirgin ƙasa na farko. Uwar ta rubuta wasiƙa biyu, duka suka dawo. Lambar wayarsa ma ta daina shiga.

Tun da aka haifi yaron, Shigenobu Mama yake kiran matarsa, ita kuma ta kira shi Baba, kamar kowane gida. Daga ranar nan ya koma ce mata “ke”. Ya kuma hana a ambaci sunan a gabansa.

A kusurwar shagon akwai kwamfutar da Motoharu ya saya. Abu ɗaya tsohon ya koya a kanta, duba ko za a yi rana, domin sabuwar tabarma sai an shanya ta. Wata uku da tafiyar yaron, da safe, yatsansa ya zame ya danna wata alama da ba ita yake nufi ba. Sai ga wani shafi ya buɗe, an rubuta a samansa: “Barka da dawowa, Ƙaguwar Tudu.” A ƙasa kuwa hoton hannu ne, ya yi buɗu-buɗu da fulawa, da tabon allura a gindin babban yatsa. Shigenobu ya san tabon nan, a gabansa aka yi shi.

Ashe shafi ne da mutane ke rubuta abin da ya same su kullum, kowa da nasa a kulle, daga mai shi sai 'yan abokan da ya yarje wa. Motoharu ya daɗe yana rubutu a can da wannan suna, ya tafi bai rufe ba. Shafin kuwa bai san ya tafi ba. Duk wanda ya zauna a kujerar nan, a wurinsa Motoharu ne.

Ranar tsohon bai ɗinka komai ba. Ya karanta cewa yaron yana can wani gari a arewa mai nisa, yana tashi kafin asuba, ya ƙona faranti uku na burodi, maigidan ya zage shi tas. Shigenobu ya ce a ransa, madalla, ya ƙara maka. Sai kuma ya ga yana share ido da bayan hannu.

Abin da ya dame shi, bai san dalilin da ƙofar take buɗe ba, don haka bai san abin da zai rufe ta ba. Ya yi kwana huɗu yana juya maganar, sannan ya tafi shagon Nagumo Tokie mai sayar da kayan lantarki, wadda bakinta ba ya raga wa kowa.

“Wani abokina ne,” in ji shi, yana juya wani ƙwan fitila a hannu, “yake tambaya. Wai akwai shafin da ba ya neman kalmar sirri, da ya danna sai ya buɗe.”

“Kai kana da aboki? Yaushe aka yi haka ba a gaya mana ba?”

“Ke dai ba ni amsa.”

“Kukis ke nan, tsoho. Ka san katakon da ake ba ka a gidan wanka in ka ajiye takalmi? To, shi ne. Ranar da aka shiga da kalmar sirri, shafin ya bar wa kwamfutar ɗan katakonsa. Kullum ta je sai ta nuna, a ce mata shigo, mun san ki.”

“Ba ya lalacewa?”

“Yawanci in an yi wata guda ba a leƙa ba, sai ya mutu. In ana leƙawa kuwa, kullum sabunta shi suke. Sai fa in an goge. In aka goge, shi ke nan, sai mai kalmar sirri.” Ta dube shi ta saman tabarau. “Abokin naka dai ba matan banza yake kallo ba ko?”

Ya ajiye ƙwan fitilar ya fita, ko sallama babu. Amma ya riƙe abu biyu: kada a kai wata guda, kada a goge.

Shekara biyar yana kan haka. Ƙarfe bakwai, kafin ya ɗaga ƙofar shago, lokacin Kinuyo tana madafa tana haɗa miya, sai ya zauna ya buɗe. Bai taɓa danna komai ba banda gangarawa ƙasa, don kada yaron ya ga alamar an taɓa. Da shafin ya fara fito da tambayar nan, ko ka yarda mu ajiye kukis ko ba ka yarda ba, da sauri yake danna “na yarda da duka”, har da ɗan sunkuyar da kai. Kwamfutar ta tsufa, tana ƙugi kamar tsohuwar fanka, Nagumo ta yi ta fama ya sayi sabuwa, ya ce tasa lafiyarta ƙalau. Bikin 'yar ƙanensa a wani gari ma kwana ɗaya ya yi ya gudo.

A kujerar nan ya ji Motoharu ya ƙware har an bar masa murhu. A nan ya ga hoton wata yarinya mai gajeren gashi, Natsuho, ya ga ranar aurensu a ofishin hukuma, su biyu kawai da shaidu. A nan ya ga jaririya ja-wur a cikin tawul, aka rubuta a ƙasa: “Mun sa mata Kinu.” Sunan Kinuyo ne aka gutsure. Ranar ya shiga bayan tarin tabarmi ya toshe baki da tsumma ya yi kuka. Da Kinuyo ta kira shi cin abinci ta ga idonsa, ya ce ƙaiƙayin ciyawa ne.

A duk shekarun nan sau ɗaya yaron ya kusanci maganar gida. Sun kama sabon ɗaki an shimfiɗa sabuwar tatami, ya rubuta: “Ƙamshin ya hana ni zama, na fita na zaga unguwa. Ɗinkin gefen ma ba kyau.” Shigenobu ya karanta layin nan ya fi sau ɗari.

To, me ya hana shi gaya wa matarsa? Tana nan taku goma daga kujerar, tana ajiye wa yaron kwanonsa a saman kanta, tana wanke shi duk mako. Ni dai abin yana ba ni haushi har yau. Da farko kunya ce: mutumin da ya ce ba shi da ɗa, a kama shi yana leƙen ɗan kullum safiya? Ya ce bari sai gobe. Da aka yi auren sai ya ga in ya faɗa yanzu za ta ce me ya sa bai faɗa tun bara ba. Da aka haifi Kinu kuwa, maganar ta yi masa girman da ba ta fita ta baki. Kullum ya ƙara kwana, sai ta ƙara nauyi.

Ranar ɗaya ga Disamba ta shekara ta biyar, Kinu tana da shekara uku, Motoharu ya rubuta cewa bayan sabuwar shekara za su tashi daga garin, Natsuho ta sami aiki a wani wuri, zai faɗi inda za su koma in an tabbatar. Washegari Shigenobu ya ɗauki tabarma a kafaɗa zai hau bene a gidan wani, kafin ma ya buɗe shafin, domin mutumin ya matsa a zo da sassafe. Shekararsa saba'in da ɗaya, an ce ya bari a kama masa, ya ce shi ba gawa ba ne. A mataki na shida ƙafarsa ta goce. Ƙashin ƙugu ya karye.

A gadon asibiti ba ciwon ne ya hana shi sukuni ba, lissafin kwanaki ne. Ɗaya ga wata ya leƙa. Talatin da ɗaya katakon zai mutu. Ya addabi likita da tambayar yaushe za a sallame shi, har ma'aikatan jinya suka sa masa suna Mai Sauri. Likitan ya ce in ya dage da koyon tafiya, za a bar shi ya yi sabuwar shekara a gida, ranar ashirin da tara. Tsohon ya kama ƙarfen koyon tafiya kamar zai karya shi.

Kinuyo tana zuwa kullum da azahar, da lemo da wankakkun kaya. Shekara talatin ta yi tana shara a wani masauki na bakin teku, mace ce da ba ta iya ganin ƙura ta wuce, ko a asibitin sai ta goge masa kan durowa. Sau uku yana buɗe baki zai ce mata ta je ta danna alamar nan, sau ɗaya tak, ya isa. Amma in ta danna za ta gani.

Rana ta goma sha takwas ya kai maganar har bakin leɓe.

“Ke. Kwamfutar nan ta shago.”

“Me ya same ta?”

Ya dubi fuskarta, ta tsufa a cikin kwanakin nan, tana ɓare masa lemo tana cire zaren ɗaya bayan ɗaya. Zuciyarsa ta karye.

“Ba komai. Ƙura. Ki kula da ita, kada datti ya lalata ta.”

“Oho, wannan ne? Kwantar da hankalinka, Baba.”

Kun san yadda muke a ƙarshen Disamba. Ba gidan da zai yarda sabuwar shekara ta same shi da dattin tsohuwa. A fitar da komai, a kakkaɓe rufi, a wanke tagogi, a sake takardar da muke manna wa ƙofofi, har bayan firji sai an leƙa. Gidan Hozumi kuwa kullum shi ne na farko a layinmu. A shekarar nan Kinuyo ita kaɗai ta yi, kwana uku, don mijinta ya dawo ya tarar da gida fes.

Ranar ashirin da tara da rana motar haya ta sauke shi. An rataya igiyar nan ta ciyawa da muke tarbar sabuwar shekara da ita a ƙofa, ko'ina yana ƙamshin sabulu. Bai ko zauna ba, ya ce zai duba shago. Ya dogara sanda ya ja ƙafa har kusurwar. Kwamfutar tana sheƙi, an bi tsakanin maɓallan da tsinke. Saura kwana biyu, ya ci nasara. Ya kunna, ya jira ƙuginta, ya danna alamar.

Fari fat. Akwati biyu a tsakiya, ɗaya na suna, ɗaya na kalmar sirri.

Ya rufe ya sake buɗewa. Ya kashe kwamfutar ya sake kunnawa. Akwatunan nan biyu dai.

Kinuyo ta shigo da shayi a faranti, fuskarta cike da fara'a.

“Ka ga yadda take sauri yanzu? Ba wajen kaɗai na goge ba, har cikin. A ajin tsofaffi na zauren unguwa aka koya mana. Malamar ta ce shafukan nan suna barin wasu abubuwa, kukis, da su suke bin mutum suna sanin duk inda ya shiga. Ta ce a riƙa sharewa, in sun tambaya kuma a ce ba a yarda ba. Kai, Baba, ka ga yawan da na tarar? Na shekara da shekaru! Na share su tas.”

Bai yi mata tsawa ba. Da ma ya yi, da ta san yadda za ta yi da shi. Sai kawai ta ga kafaɗun nan masu faɗi suna rawa.

“Ƙugun ne? In kira likita?”

“Mama,” in ji shi. Rabonta da jin sunan nan shekara biyar. “Zauna.”

Ta zauna a kan tarin tabarmi da farantin a cinya. Ya faɗa mata, bai rage komai ba, yana kallon akwatunan nan biyu don ya kasa kallon ta. Burodin, garin arewa, Natsuho, auren. Da ya zo kan jaririyar, da ƙyar ya fitar da sunan.

Kinuyo ta dubi farantin da ke cinyarta. Shayin ya huce.

“Shekararta nawa?”

“Uku.”

“Tana tafiya ke nan. Tana magana.”

“Tana magana. Ba ta son karas.”

Kinuyo ta ajiye farantin a ƙasa a hankali. “Ka san abin da ya kai ni ajin nan? Kana tsammani jadawalin jirgin ƙasa nake son koya, ni da ba na zuwa ko'ina? Shekara biyu, duk Alhamis, in an tashi sai in tsaya a baya in rubuta sunansa a kwamfutar zauren. Hozumi Motoharu. Ban taɓa samun komai ba. Har na fara duba sunayen waɗanda suka mutu a haɗari.” Ta dafe ƙirji. “Ashe yana nan. Ina can ina yanka albasa, kai kana nan kana cin abinka kai kaɗai. Haba, Baba. Haba!”

Ya sunkuyar da kai har goshinsa ya taɓa tebur. Mutumin da bai taɓa ba kowa haƙuri ba a unguwar nan, ya ce ta yafe masa. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta tashi ta saka takalmi ta tafi ta kirawo Nagumo.

Nagumo ta zo da tsumman shara a ɗaure a ka. Ta duba nan, ta duba can, wannan karon ba zolaya. Ta ce abin da aka goge ya tafi, ko wanda ya ƙera kwamfutar ba zai dawo da shi ba. Sai ta nuna wani ƙaramin rubutu a ƙarƙashin akwatunan: “Na manta kalmar sirri.”

“In aka sa sunan aka danna nan, za su aika masa saƙo can inda yake, cewa wani ya nemi shiga. Wasu shafukan har garin da aka nema suke faɗa. Wasu ba sa faɗa. Ban san irin wannan ba.”

“Zai san ni ne?” in ji Shigenobu.

“In sun faɗi garin, wa kuma zai zama? Amma ka sani, zai gane ka daɗe kana karanta masa. Yana iya jin haushi ya rufe gaba ɗaya.”

Shigenobu ya dubi matarsa. Ta ce, “Kai ka jefar da allurar. Kai za ka danna.”

Da yatsa ɗaya ya rubuta Ƙaguwar Tudu, harafi bayan harafi, ya yi kuskure sau biyu. Ya danna. Shafin ya ce: “Mun aika saƙo ga mai wannan suna.” Wannan ita ce wasiƙa ɗaya tilo da ya taɓa aika wa ɗansa, kuma ba kalmarsa ko ɗaya a ciki.

Ranar ɗaya ga wata mai kawo wasiƙu ya kawo damin katunan sabuwar shekara. Kinuyo ta bi su ɗaya bayan ɗaya, sau biyu. Waya ba ta yi ƙara ba. Ko saƙon ya faɗi garin, ko yaron ya gani ya share, ko adireshin da aka aika tsoho ne da ya daina dubawa, ba wanda ya sani. Suka rubuta wa gidajen burodi goma sha ɗaya na garin arewan nan. Guda ya amsa, ya ce eh, ya yi aiki a nan, mutumin kirki, ya tashi a watan Janairu bai bar adireshi ba.

Shigenobu bai ƙara ɗinki ba, ƙugun bai yarda ba. Ya yi shekara biyu da 'yan watanni bayan haka. Abin da ya canza a gidan shi ne ƙarfe bakwai na safe. Kinuyo takan ajiye masa shinkafa da miya, ta zauna gabansa ta ce, “To, ba ni na yau.” Sai ya ba ta rana guda daga cikin abin da ya karanta: ranar da Kinu ta fara tsayawa ta kama ƙafar tebur, ranar da ta sa wake a hanci, ranar da Natsuho ta yi wa mijinta aski ta ɓata. Ashe duk ya haddace. In ya maimaita wanda ya taɓa faɗa, ba ta hana shi. Wani lokaci ma ita take gyara masa.

Ya rasu a farkon bazara. Muka kai shi, ɗan bai zo ba, don ba inda za a aika masa.

Kinuyo tana nan, ta haura tamanin, gidanta har yanzu shi ne na farko a sharar Disamba. In kun haɗu a bakin shagon Nagumo za ta tare ka da labarin jikarta, yadda take ture karas gefen kwano, yadda take tsoron injin wanki. Rannan wata baƙuwa da ba ta san zancen ba ta tambaye ta shekarar yarinyar nawa yanzu.

Ta ce, “Uku.”